Masu Bin Sawun Cuta a Maraɗi: Aikin Ƙirga Waɗanda Kunya Ta Ɓoye

A asibitin Danja, kilomita kamar 15 kudu da Maraɗi a kan hanyar Ɗan Isa, gwajin farko da ake yi wa wanda ake zaton yana da kuturta ba ya buƙatar wata na'ura. Ɗan guntun auduga ne kawai. Ma'aikaci zai murza shi ya yi tsini, ya ce wa mutum ya rufe ido, sannan ya riƙa taɓa fatarsa nan da can yana cewa, "Baba, nuna mini inda na taɓa." A lafiyayyar fata yatsa ba ya kuskure. Da an zo kan tabon nan da ya kwaɗe ya fi sauran jiki haske, sai a ga mutum ya yi shiru yana jira, alhali an riga an taɓa shi sau biyu. Daga nan a lalubi jijiyar da ke bayan gwiwar hannu a ji ko ta yi kauri, a sa shi ya runtse ido da ƙarfi, a saka masa takarda tsakanin yatsu a ja, a duba tafin ƙafa ko akwai gyambo.

Bayan an gama, akwai wani ɗan gurbi a katinsa da za a rubuta lamba ɗaya cikin uku: 0, 1 ko 2. Sifili na nufin cutar ba ta taɓa ido ko hannu ko ƙafa ba. Ɗaya na nufin ji ya fara mutuwa amma ba a ganin komai. Biyu kuwa nakasa ce da kowa zai gani: yatsu sun lanƙwashe, ƙafa ta ci, ido ya ƙi rufuwa.

Ga mai jinya, lambar nan tana gaya masa irin kulawar da mutum yake buƙata. Amma akwai wani ma'aikacin da ba ya taɓa majinyaci ko ɗaya, wanda shi kuma idan ya tara katuna na shekara guda ya ga yawan masu lamba 2, abin da yake karantawa daban ne. Kuturta ba ta sauri. Tsakanin shigar ƙwayar cutar da fitowar tabo akan yi shekara biyar, wani lokaci har ashirin, kuma daga tabo zuwa lanƙwashewar yatsu akwai wasu shekarun. Duk wanda ya zo da lamba 2, ya daɗe yana ganin tabonsa kullum idan zai yi wanka. Ya san da shi. Wani abu ne ya hana shi zuwa, kuma gano wannan abin, da auna girmansa, da sanin wa ya fi kamawa, shi ne aikin masanin yaɗuwar cututtuka da ya san abin da yake yi.

Abin da ke hana mutane zuwa ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa. Mun gaji kuturta da kayanta: cewa gado ce, cewa mai rantsuwar ƙarya da Alƙur'ani ita ke cin yatsunsa, cewa haɗa kifi da nono ke kawo ta. Ko ɗaya ba haka ba ne. Tun 1873 wani likitan Norwe, Gerhard Armauer Hansen, ya ga ƙwayar cutar da madubin likita a birnin Bergen. Tana bi ta numfashi ne bayan doguwar zama tare da wanda bai sha magani ba, kuma kusan mutum 95 cikin 100 jikinsu na kashe ta da kansa. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da haɗin magunguna uku da ke warkar da ita cikin wata shida ko wata goma sha biyu, kuma tun 1995 kyauta ake ba da su ko'ina a duniya. Wanda ya fara sha, ya daina baza ta.

To amma ilmin nan bai kori tsoro ba, don tsoron ba na mutuwa ba ne. Tsoron a fasa auren ɗiyarka ne. Tsoron a ware maka kwano da buta, a daina sayen furar matarka, a riƙa ja da baya a sahu. A fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukanmu, kuturta na cikin aibobin da ke ba miji ko mata zaɓin raba aure, kuma hukuncin an gina shi ne a zamanin da ba a san mata magani ba; tambaya ce da ta cancanci malamai da likitoci su zauna a kanta tare. Sai kuma wani abin takaici: ɗaya daga cikin magungunan uku, wanda ake kira clofazimine, yakan sa fata ta yi duhu na ɗan lokaci. Budurwa ta fara shan magani a ɓoye, bayan wata biyu ƙawaye su fara tambayar me ya same ta. Wasu a nan suke jefar da kwalin.

Tsohon tsari shi ne a tattara masu cutar wuri guda. Mishan ɗin SIM, wanda ya zauna a Tibiri tun 1927, shi ya buɗe Danja a 1956, bayan ya riƙe irin waɗannan wurare a Arewacin Najeriya: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. Mutane da yawa da suka zo jinya ba su koma gida ba, suka kafa zama a gefen asibitin, suka yi aure a tsakaninsu. A birane kuma akwai Sarkin Kutare da jama'arsa, da unguwarsu, da ranakun bararsu. Tsari ne da ya ba mutane mafaka, ba za a musa ba. Amma shi ne kuma ya koya wa kowa cewa wanda aka ce yana da kuturta ya bar cikin mutane ke nan. Yau ba a kwantar da kowa don kuturta kawai, mutum na karɓar maganinsa wata-wata ya koma gona, amma sunan Danja kaɗai ya isa ya sa wani ya gwammace ya tafi wurin boka. Wani kuma yakan yi akasin haka: ya tsallake asibitin garinsu inda aka san shi, ya ƙetaro iyaka daga Jibiya ko Katsina ya zo nan inda ba wanda zai gane shi. Duka biyun suna ɓata lissafi. Na farko bai shiga rajista ba sam, na biyu ya shiga rajistar ƙasar da ba a cikinta ya kamu ba.

Nijar ta sauko ƙasa da mutum ɗaya cikin 10,000 tun farkon shekarun 2000, abin da a yaren hukumomi ake cewa kuturta ta daina zama matsalar lafiyar jama'a. A ganina wannan furucin ya yi ɓarna da ba a yi niyya ba. Masu ba da kuɗi sun ji kamar an ce ta ƙare, aka rage koya wa sabbin ma'aikata yadda ake gane ta, har ta kai matashin ma'aikaci na iya ganin tabon ya rubuta maganin makero. Alhali har yanzu duniya na samun sabbin masu ita wajen 200,000 kowace shekara.

Rahoton mako

A cikin gari aikin ba shi da wani armashi a ido. A asibitin unguwa irin na Sabon Gari, wanda ake kira CSI, majo, wato shugaban asibitin, shi ke zama ƙarshen kowane mako ya bi rajista layi-layi yana ƙirga cututtukan da doka ta ce dole a sanar: ƙyanda, sanƙarau, kwalara, shan inna, maƙarau da sauransu. Ko ba a samu ko ɗaya ba sai ya aika sifili, don shiru ba ya nuna babu cuta, yana iya nuna majo ya tafi biki. Alƙaluman su tafi gundumar lafiya, daga nan ofishin lafiya na jiha, daga nan Yamai. Tsarin sa ido ne da ƙasashen Afirka suka amince da shi a 1998, yanzu kuma ana shigar da alƙaluman cikin manhajar DHIS2. A kowane mataki akwai mutum guda da aikinsa shi ne ya dubi lambobin ya ce, wannan makon bai yi kama da na bara ba.

Ga ƙyanda da sanƙarau tsarin na aiki daidai gwargwado, don ba mai jin kunyar sanƙarau. Matsalar tana wurin cututtukan da ake rufawa.

Ɗauki tarin fuka. Maganinsa wata shida ne, kyauta, kuma bayan ƴan makonni da fara sha haɗarin baza shi na raguwa ƙwarai. Amma mutum ya rame yana tari, abin da unguwa za ta fara raɗawa sida ce, wato ƙanjamau. Don haka sai ya yi wata uku yana sayen sirop wurin mai tebur. In ya zo aka tabbatar, ƙa'ida ta ce a je gidansa a duba waɗanda suke kwana ɗaki ɗaya da shi, musamman yara ƴan ƙasa da shekara biyar. A nan ne ake gane ma'aikacin da ya iya aiki. Wanda bai iya ba zai zo da farar mota mai tambari a ƙofa, ya tsaya a bakin gida da rana tsaka, ya sauko da takardu a hannu da abin rufe hanci. Kafin ya fito, mai shago da mai wankin babur da yaran makarantar allo duk sun san gidan wane akwai ciwo. Gobe ba wanda zai yarda a zo nasa gidan, kuma na gaba da zai zo asibiti zai ba da sunan ƙarya da unguwar ƙarya. Wanda ya iya kuwa, tun a asibiti zai tambayi mai ciwon, "Wa ka gaya wa? Wa kake so ya sani?" Ya bar motar a bakin titi ya hau kabu-kabu, ko ya aiki matar da unguwa ta saba gani tana yawon rigakafi. In gidan kulle ne, namiji ba shi da abin yi a can, sai mace.

Alƙaluman tarin fuka kusan ko'ina suna nuna maza sun fi mata yawa. Wani ɓangare na wannan gaskiya ne, maza sun fi shan taba, sun fi zama a cunkoso, sun fi tafiya ci-rani da haƙar zinariya. Amma a garin da mace ba ta fita sai da izini, kuɗin mota ma sai ta roƙa, kuma tana tsoron kishiya ta ji, wa zai rantse cewa duk bambancin na cuta ne ba na ƙofar gida ba? Amsar ba ta cikin rajista. Sai an fita an gwada mutane gida-gida an kwatanta da abin da asibiti ya rubuta. Abin da ake nufi da adalci a harkar lafiya ke nan idan an sauko da shi ƙasa: a raba kowane adadi gida-gida, mace da namiji, birni da ƙauye, mai shi da maras shi, ɗan gari da baƙo, a ga wa aka bari a baya.

Ba kuma jama'a kaɗai ke da laifi ba. A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan, wanda ke cikin waɗanda suka kafa cibiyar bincike ta LASDEL a Yamai, sun fitar da nazari a kan yadda ake karɓar marasa lafiya a asibitocin manyan birane biyar na Afirka ta Yamma, har da Yamai. Abin da suka tarar kowa ya san shi: tsawa, wulaƙanci, fifita wanda aka sani, da sirrin da ba ya kwana. Matashin da zai shiga wannan fanni ya sani cewa wani lokaci abokan aikinsa ne zai auna, kuma ba za su gode masa ba.

A wajen sida lamarin ya fi kowanne tsauri. Nijar na cikin ƙasashen da cutar ba ta yi yawa ba: binciken ƙasa na 2006 ya sami kashi 0.7 cikin 100 na manya, na 2012 ya sami kashi 0.4. Amma ƙaramin adadi na ƙasa baki ɗaya yana rufe wuraren da ta taru, kuma a tsakanin mata masu zaman kansu ta ninka haka sau da yawa. Maraɗi garin fatauci ne, garin manyan motoci da tasha da iyaka, kuma gari ne da bai manta Nuwamban 2000 ba, lokacin da zanga-zangar adawa da bikin nuna tufafi na FIMA ta rikiɗe aka far wa mashaya da gidajen waɗannan mata aka ƙona. Macen da ta ga haka, ko ta ji labari wurin yayyenta, ba za ta ba baƙo sunanta don yana riƙe da takarda daga ma'aikatar lafiya ba.

Don isa ga irin waɗannan mata, masu bincike suna da dabarar da wani masani Ba'amurke, Douglas Heckathorn, ya tsara a 1997. A fara da mata kaɗan da suka yarda, sau da yawa ta hannun magajiya. Kowacce bayan an yi hira da ita an gwada ta, a ba ta ƴan katuna masu lamba, ba suna, ta miƙa wa ƙawayenta. Su ma su zo a ba su nasu. Da lissafin wa ya kawo wa, da yawan mutanen da kowacce ta sani, ana iya ƙiyasta abin da ke faruwa a cikin jama'ar da ba ta da rajista ko'ina. Lissafin yana da wuya, amma ana koyonsa a aji. Abin da ba a koyo a aji shi ne yadda za ka zauna da magajiya ta yarda da kai, da yadda za ka adana bayanan don kada wata rana su faɗa hannun wanda zai yi kame da su. Nijar tana da dokar da ta hana nuna wariya ga masu ɗauke da sida tun 2007, aka sabunta ta a 2015, magani kuma kyauta ne. Doka dai ba ta hana miji sakin matar da aka gwada a awon ciki aka samu tana da ita, alhali shi bai taɓa yarda an gwada shi ba. Da yake mata ne ke zuwa awo, su ake fara ganowa, su ake ɗora wa laifin kawowa.

Ita ma ƙyamar ana auna ta, kamar yadda ake auna zazzaɓi. Akwai jerin tambayoyi da aka gwada a ƙasashe da dama, irin su EMIC da ake amfani da shi a kan kuturta, da wanda masu ɗauke da sida suke yi wa junansu da kansu tun 2008. Ba a tambayar mutum ko yana ƙyamar kuturu, don kowa zai ce a'a, Allah ya kiyaye. Ana tambayarsa ne: a garinku, in an san mutum ya taɓa yin wannan ciwo, zai sha wuyar samun mata? Za a sayi abinci a hannunsa? Mayar da irin waɗannan tambayoyi cikin Hausar da tsohuwa a Jiratawa za ta gane ba tare da ta ji an zarge ta ba, aiki ne na gaske, kuma mutanen da suka iya shi ba su da yawa.

A Yulin 2018 kwalara ta ɓarke a gundumar Madarumfa. Mutanen farko da aka gani ƴan gida ɗaya ne da suka ƙetaro daga Jibiya neman magani, kuma kafin ta lafa ta kama fiye da mutum 3,500 a ƙasar. A 2021 ta dawo ta kama fiye da 5,000, jihar Maraɗi na cikin inda ta fi tsanani. Rubuta cewa daga Jibiya ta fito daidai ne a rahoto, don dole a san hanyar da ta bi. Yadda za a faɗi hakan a rediyo kuma wani abu ne daban, musamman daga 2019 da dubban ƴan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato suka cika ƙauyukan Gidan Runji. In aka bar magana ta zama "baƙi ne ke kawo mana ciwo," baƙon da zawo ya kama zai kwanta a ɗaki ya mutu, ya kuma bar cutar a rijiya. Mutanen Ɗan Isa da na Jibiya kasuwarsu ɗaya, surukan juna ne, ruwan Gulbin Maraɗi ma daga can yake gangarowa.

Ina ake koyo, kuma ana ci da shi?

Hanyoyin shiga ba ɗaya ba ne, kuma ba dole sai likita ba. Akwai wanda zai fara da karatun likita a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ko a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi, wadda ke da sashen kimiyyar lafiya. Akwai wanda zai fara da aikin jinya, unguwarzoma ko gwaje-gwaje a makarantar ENSP ta Yamai ko ta Damagaram, ya yi shekaru a ƙauye, sannan ya koma cibiyar ISP a Yamai ya karanta lafiyar jama'a. Sau da yawa waɗannan sun fi iya aikin, don sun san yadda ake cika rajista da ƙarfe biyun dare da fitilar waya, saboda haka sun san inda lambobi ke yin ƙarya. Masu karatun lissafi da ƙididdiga, da na halayyar al'umma, da na taswira, duk suna da gurbi.

Sai horon da ake yi a bakin aiki, wanda ake kira FETP. Matakin farko wata uku ne, ana ɗaukar ma'aikatan gunduma a koya musu tsabtace alƙaluma da binciken ɓarkewar cuta ba tare da sun bar aikinsu ba. Babban matakin shekara biyu ne, kuma na ƙasashe masu Faransanci yana Wagadugu. A Najeriya an fara irinsa a 2008 tare da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ibadan. Wanda yake son ɗakin gwaji akwai CERMES a Yamai, cibiyar da ta yi suna a kan sanƙarau, inda ake tabbatar da samfuran da jihohi ke aikawa. Faransanci dole ne, don da shi ake rubuta rahoto. Ingilishi ma ya zama dole ga mai son karanta mujallun bincike ko ya rubuta a cikinsu. Kwamfuta kuwa, a fara da Excel da Epi Info, a wuce zuwa R.

Ɗan Maraɗi yana da wata dama da ɗan wani gari ba shi da ita. Tun bayan yunwar 2005 da ta jawo ƙungiyoyin agaji, yankin ya zama wurin bincike, kuma a 2009 Epicentre, reshen binciken cututtuka na ƙungiyar likitoci ta MSF, ya kafa cibiya a garin. A ƙauyukan Madarumfa aka gwada rigakafin zawon yara na Rotasiil, wanda ke jure zafi ba sai an riƙe shi a firji kullum ba, a kan jarirai kimanin 3,500. Sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna yana kare kusan kashi 67 cikin 100 daga zawo mai tsanani, a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, yanzu ana yi wa yara a ƙasashe da dama. Haka kuma gajeren maganin tarin fuka mai bijire wa magani: aikin da Gidauniyar Damien ta yi a Nijar tun 2008, inda mutum 58 cikin 65 na farko suka warke, yana cikin hujjojin da suka sa aka sauya shawarar duniya a 2016. Ba ƙaramin abu ba ne a ce daga nan aka koya wa duniya.

Sai dai a faɗi ɗaya gefen. Ɗaruruwan matasan da suka bi gidaje a kan babur cikin damina suna auna jarirai, suna rubuta kowane zawo, yawancinsu kwantiragin wata shida ko shekara suke yi. Aiki ya ƙare, su koma jiran wani. Su ne suka san wace uwa ce ke cewa "lafiya lau" alhali yaro na kwance, su ne suka san wane mai gari ne sai an fara gaishe shi kafin a shiga, amma tambayar da za a bincika ba su ke zaɓenta ba, kuma da wuya sunansu ya hau kan takarda. Fannin da ke wa'azin adalci yana da nasa rashin adalcin a cikin gida. Kuɗin ma ba tabbas. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 an rufe iyaka da Najeriya na watanni, wasu masu ba da tallafi suka janye, a farkon 2025 kuma Amurka ta dakatar da mafi yawan agajinta na waje, abin da ya girgiza ayyukan sida da tarin fuka a Afirka baki ɗaya. Aikin gwamnati albashinsa kaɗan ne amma yana nan. Na ƙungiya yana da maiƙo amma ba a gina gida da shi cikin kwanciyar hankali. Shawarar da zan ba ƙanena ita ce ya kafa ƙafa ɗaya a ma'aikatar lafiya, ya riƙa neman bincike daga can, kuma duk aikin da zai shiga ya tambaya tun farko: za a koya mini nazarin alƙaluman, ko tattarawa kawai zan yi?

Mata kuwa ana nemansu ido rufe. Da yawa daga cikin mutanen da rajista ba ta gani suna bayan katangar da namiji ba ya ƙetarawa.

Wani darasin da ba a bayarwa a jami'a yana Tibiri. Sarkin Gobir Abdu Bala Marafa ya yi suna da tawagar da ya kafa ta maza da mata masu yawo ƙauye-ƙauye suna magana a kan rigakafi, auren wuri da sida, a lokacin da ambaton sida a bainar jama'a abin kunya ne. Mai binciken da ya raina fada da masallaci, ya tuna abin da ya faru a Kano: gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara lokacin sanƙarau na 1996 ya bar tabon da ya taimaka wajen ƙin rigakafin shan inna a 2003, cutar kuma ta sake bazuwa zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yarda in ta zube, shekaru ake yi ana kwasa.

Akwai wata tambaya da ke jiran mai amsa ta a wannan yanki. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba waɗanda ke zaune da mai kuturta ƙwayar rifampicin sau ɗaya tak, don wani babban gwaji a Bangaladash ya nuna tana rage kamuwa da kusan kashi 57 cikin 100 a shekaru biyun farko. Magani mai arha, sha ɗaya. Amma kafin ka ba matar mutum da ƴaƴansa da maƙwabtansa, dole ka gaya musu dalili, wato ka tona abin da ya yi shekara biyar yana rufewa da doguwar riga. Da yawa za su ce a bar shi. A Habasha, Mozambik da Tanzaniya an gwada wata hanya: maimakon a nufi gida ɗaya, sai a kafa rumfar duba cututtukan fata ga unguwa gaba ɗaya, mai ƙazuwa ya zo, mai makero ya zo, mai ƙyasbi ya zo, a duba kowa, a ba waɗanda suka cancanta ƙwayar, ba tare da an ce don wane aka zo ba. Ko hakan zai yi aiki a ƙauyen da kowa ya san wanda ke zuwa Danja duk wata, ko rumfar ce ma za ta zama yatsan nuni, da nawa za a kashe a kan kowane mutum da aka kare, da ko a ranar kasuwa ya fi ko bayan sallar Juma'a, sai an gwada a ƙasar Madarumfa kafin a sani.